Littafin Ayuba

Littafin Ayuba na ɗaya daga cikin littattafan hikima na Tsohon Alkawari a Littafi Mai Tsarki. An rubuta shi da Ibrananci, yana da surori 42, kuma galibinsa waƙa ce. Tambayar da ya ɗauko tsohuwa ce: me ya sa mai adalci yake shan wahala alhali Allah na gani?

Ayuba mutumin ƙasar Uz ne, attajiri mai tsoron Allah, mai tumaki 7,000 da raƙuma 3,000. A rana guda ya rasa dukiyarsa da 'ya'yansa goma, sannan gyambuna suka rufe shi, har ya koma zama cikin toka yana susa da tsingaro. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki sai suka dage cewa lallai wani zunubi ya aikata. Ayuba ya ƙi yarda. Ana yabonsa da haƙuri, amma a littafin yana kuka da jayayya ƙwarai.

Daga sura ta 38 Allah ya yi magana daga cikin guguwa. Bai faɗa wa Ayuba dalilin wahalarsa ba, sai ya jero masa tambayoyi kan halitta, ya kuma tsawata wa abokan nan uku. Kiristoci da yawa na fassara maganar da Ayuba ya yi kan Mai Fansarsa a sura ta 19 a matsayin nuni ga Yesu Almasihu. A ƙarshe an ninka wa Ayuba dukiyarsa, ya ƙara shekara 140 a duniya.