Ƙauracewa: Asalin Kalmar da Aikinta a Abidjan

Bahaushe yana da hanyoyi da dama na ƙin abu. Akwai "a'a" ta baki, akwai yaji, wato tafiyar mace gidan iyayenta cikin fushi, inda aka samo "yajin aiki". Akwai kuma ƙauracewa, wadda tushenta ƙaura ne. A dā, idan sarki ya matsa wa talakawa da haraji, sukan kwashe kayansu su bar masa gari. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, har mutum yana zaune a gidansa ya ƙaurace wa kasuwa ko zaɓe.

Turawa kuwa daga sunan mutum suka samo tasu kalmar. A 1880, manoman yankin Mayo a ƙasar Ayilan suka ƙi yi wa Charles Boycott aiki, suka ƙi sayar masa da kome, domin shi ne wakilin mai ƙasa da ke korar masu haya. Sunansa ya zama kalma a Turanci da Faransanci.

Hausawan da ke ciniki a Adjamé da unguwar Arras ta Treichville suna zaune ne inda aka gwada ƙarfin wannan makami. Bayan rikicin siyasa na 6 ga Fabrairu 1949 a Treichville, gwamnatin Faransa ta tsare shugabannin jam'iyyar PDCI-RDA takwas a kurkukun Grand-Bassam, cikinsu har da marubuci Bernard Dadié. Wata goma suka wuce ba a yi musu shari'a ba. A Disamba suka shiga yajin cin abinci, jama'a kuma suka ƙaurace wa kayan kantunan Turawa. Daga 22 zuwa 24 ga watan, mata irin su Marie Koré suka nufi Bassam, tafiyar kusan kilomita 40, da yawansu a ƙasa. 'Yan sanda suka tare su a gada da duka da feshin ruwa.

Ba a saki fursunonin nan take ba, amma an gurfanar da su gaban alƙali a Maris 1950. Ƙauracewa ba ta buƙatar takobi, sai dai haƙuri da haɗin kai, gama mai ƙin saye shi ma yakan rasa abin da yake bukata. Wannan gada ita ce ake kira Gadar Nasara.