Dutsen Dala, Tushen Birnin Kano

A cikin tsohon birnin Kano, wajen arewa maso yamma, akwai duwatsu biyu da ke duban juna, ɗaya Goron Dutse, ɗaya kuwa Dala. Dala ba wani dogon dutse ba ne. Jar marmara ce, bisansa a shimfiɗe kamar faifai. Masu awo sun ce tsawonsa daga bakin teku ƙafa 1,753 ne, amma daga gindinsa ko yaro ya hau shi cikin ɗan lokaci kaɗan. Duk da haka in mutum ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, sai Hausawa su ce ya ɗauki Dala ba gammo. Nauyin nan kuwa na tarihi ne, domin daga gindin dutsen nan Kano ta tsiro.

Abin da ya fara jawo mutane wurin shi ne tama. Masana sun tono kufan wurin narkar da tama kusa da dutsen, suka auna, suka ce an yi aiki da shi tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Abagayawa kuma, watau maƙeran Kano na asali, sun ce kakansu daga Gaya ya zo neman tama, sunansa Kano. To, inda aka sami ƙarfe an sami fartanya da mashi. Ga ruwan Jakara kusa, ga tudun da za a hau a hango abokan gaba tun daga nesa. Don haka jama'a suka yi ta taruwa.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci cikin 1908, ya ce wani mutum ne mai suna Dala ya fara gina gida bisa dutsen, shi ya sa aka kira shi da sunansa. Cikin zuriyarsa aka sami Barbushe, wani ƙaton maharbi, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani. Wurin bautar wani itace ne da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Bisa dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai ranar biki. A ran nan jama'a kan kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru a yanka, sa'an nan ya faɗa musu abin da zai auku cikin shekara. An ce har ya gaya musu wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su.

Baƙon nan shi ne Bagauda, wanda aka lissafta sarautarsa daga 999 zuwa 1063. Jikansa Gijimasu (1095-1134) shi ya fara ginin ganuwa, aka sa Dala a cikinta, Tsaraki ya ƙarasa. Amma sarakunan nan sun daɗe suna fama da mutanen Tsumburbura, sai a zamanin Tsamiya (1307-1343) aka rushe katangar tsafin. A zamanin Yaji (1349-1385) Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, aka gina masallaci a gindin itacen nan. Da Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya hau, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarauta can kudu. Tun daga nan mulki ya yi nisa da Dala, dutsen ya zama alamar gari, wadda fatake ke hange su san sun iso. Cikinsu har da masu komowa daga Gwanja da goro, waɗanda hanyarsu kan biyo ta ƙasarmu ta Yawuri su ƙetare Kwara.

Cikin 1851 wani Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau Dala ya zana surar birnin. Ya ƙiyasta mazaunansa 30,000. A lokacin gidaje a gindin dutsen suka tsaya, bayansa kuwa gonaki ne har bakin ganuwa. Yanzu gidaje sun kewaye shi ko ta ina, har ƙaramar hukumar wurin da sunansa ake kiranta. An yi masa matakala, kuma kowace shekara ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya kan cika bisansa maƙil.

Sai dai dutsen na cikin wani hali. Marmara ba ta da ƙarfin fa. Ruwan sama na zaizayarsa kowace damina, masu gini sun matso har jikinsa, waɗansu kuma sun mai da gefensa juji. Cikin 2007 an sa shi, tare da ganuwa da Kasuwar Kurmi da gidan sarki, cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa a kan kayan tarihin duniya. Amma suna a takarda ba ya hana zaizaya.

Mu mutanen bakin Kwara mun san yadda tarihi ke ɓacewa. Da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, ruwa ya haɗiye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa, yau ba inda uba zai tsaya ya nuna wa ɗansa kufan kakanninsa. Namu ruwa ya ci a lokaci guda, ba yadda muka iya. Na Kanawa kuwa yana nan tsaye, ana iya kare shi. Allah ya sa hukuma da jama'a su lura tun da sauran lokaci, amin.