Tarihin Launi a Shafukan Intanet: Daga Ruwan Toka Zuwa Launuka Miliyan 16

'Yan uwa, yanzu 'yan kasuwarmu da matasanmu da dama suna buɗe shafukan intanet don tallata haja, wasu kuma suna tsara hotunan sanarwa da muke turawa juna. Sau tari abin da ke kashe aikin shi ne launi: rubutu ja a kan kore, ko ruwan ɗorawa a kan fari, sai dattijo ya yi ta matse ido bai gane ranar taro ba. Wannan matsala tsohuwa ce, kuma yadda masana suka shawo kanta yana da darasi a gare mu.

Lokacin da Tim Berners-Lee ya fito da shafin farko a cibiyar bincike ta CERN a 1991, rubutu ne zalla. A 1993 manhajar Mosaic ta fito daga Jami'ar Illinois a Amurka. Bangon shafi ruwan toka ne, rubutu baƙi, mahaɗar da ake dannawa kuwa shuɗiya mai layi a ƙasa. Har gobe idan muka ga shuɗin rubutu mun san wurin dannawa ne.

Da Netscape ta ba masu shafi damar zaɓen launin bango a 1995, sai aka ci karo da cikas. Yawancin kwamfutocin wancan zamani launi 256 kawai suke iya nunawa a lokaci guda. Idan mutum ya zaɓi launin da babu shi a ciki, kwamfuta sai ta gauraya ɗige-ɗigen wasu launuka don ta kwaikwaye shi, hoton ya fito da ƙuraje. Mafitar da aka samu ita ce jerin launuka 216: aka ɗauki ja da kore da shuɗi, kowanne aka raba shi mataki shida, shida sau shida sau shida. Lynda Weinman ce ta yaɗa wannan jeri a littafinta na 1996, ya zama abin dogaron masu tsara shafi na tsawon shekaru.

Da kwamfutoci suka ƙara ƙarfi suka iya nuna launi sama da miliyan 16, wannan takura ta kau. Amma yalwa ba ta kawo kyau ba. Shafukan GeoCities na ƙarshen shekarun 1990 sun yi suna wajen rubutu mai walƙiya da bango mai tarin ado, kowa ya zuba duk launin da ya samu. In dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Daga nan aka koma ga tambayar da ta dace: wa zai karanta? Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa shafi ga masu buƙata ta musamman a 1999, ta sabunta ta a 2008 da ma'auni na lissafi. Ana auna tazarar haske tsakanin rubutu da bango. Baƙi a kan fari shi ne ƙoli, 21 ga 1. Ƙaramin rubutu kada ya gaza 4.5 ga 1, manyan baƙaƙe 3 ga 1. Ruwan ɗorawa mai haske a kan fari ko 1.1 bai kai ba, shi ya sa ba ya karantuwa. Ƙa'idar ta kuma hana dogaro da launi kaɗai wajen isar da saƙo, domin akwai masu matsalar rarrabe ja da kore, kuma ta fi yawa ga maza.

Mark Zuckerberg yana cikin masu wannan matsala, kuma a 2010 ya shaida wa mujallar New Yorker cewa shuɗi ne ya fi gani sosai. Shuɗin Facebook ke nan. Google kuwa sai da ta gwada shuɗi iri 41 a kan masu amfani da ita don ta ga wanda aka fi dannawa, labarin da ya fito fili a 2009. A 2019 wayoyin iPhone da Android suka kawo yanayin duhu, wato farin rubutu a kan baƙin bango, sai ya zama dole mai tsara shafi ya duba launinsa ta fuska biyu.

Abin da wannan tarihi ya bar mana kaɗan ne, amma yana aiki. Mu tsaya ga launi biyu ko uku: ɗaya na bango, ɗaya na rubutu, ɗaya na abin da muke so a danna. Farashi da lambar waya da kwanan wata su fito da launi mai duhu a kan bango mai haske. Kada mu ce ja na nufin kaya ya ƙare, kore na nufin akwai, ba tare da mun rubuta kalmar ba. Kafin a saki shafi, a buɗe shi a ƙaramar waya, a fita tsakar rana, a miƙa wa babba a gida ya karanta. Idan ya karanta bai nemi tabarau ko inuwa ba, launin ya yi.