Masaƙa da Gidan Haya: Yadda Makera Ta Cika da Baƙi

Wanda ya tsallake gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, da ya wuce tashar jirgin ƙasa zai fara ganin wani irin gini da ya cika Makera da Kakuri: dogon gida, ɗakuna sahu biyu suna kallon juna, siririyar hanya a tsakiya, rijiya da madafa da makewayi can a ƙurya. Don haya aka gina su tun daga tushe, kuma masaƙu ne suka kawo masu kama su.

Jirgin ƙasa ne ya fara sauke baƙi a nan. Layin dogo na Legas zuwa Kano ya ratsa wurin tun kafin Turawa su ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru su kawo Kaduna a 1917, daga baya layin Fatakwal ya zo ya haɗe da shi a kudancin kogin. Leburori da 'yan tireda suka zauna kusa da ƙauyukan Gbagyi.

Cikar gari ta gaske sai a 1957, lokacin da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin 'yan shekaru Nortex ta biyo, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa, sai UNTL ta attajirin Hong Kong Cha Chi Ming. Masana'antar makamai ta DICON ta zo a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban samari suka yi ta kwararowa daga ƙasar Zazzau da kudancin Kaduna, daga Binuwai da Filato, daga ƙasar Igala da Edo. Adams Oshiomhole, wanda ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, a Arewa Textiles ya fara. Kamfanoni sun tanadi gidaje don manyan ma'aikata, amma mai tsayuwa gaban injin saƙa shi ke nema wa kansa makwanci.

Neman ɗaki a wancan zamani ba ya bi ta hannun dillali. Saurayi ya sauka daga jirgi ko mota da akwatin ƙarfe, ya tambayi inda ɗan garinsu yake, a shimfiɗa masa tabarma a gefen gado har ya samu aiki ya karɓi albashin farko. Sannan ɗan garin nasu ya kai shi gaban mai gida ya ce, "Ga ƙanena, a masaƙa yake." Wannan kalma ta wadatar. Mai gida ya san ranar da ake biya, ya san ƙofar da ɗan hayarsa ke fitowa, don haka wata-wata ake karɓar haya. Masaƙu suna aiki dare da rana, kashi uku, shi ya sa ɗakin da za a iya takawa daga gare shi a isa bakin get kafin jiniya ta busa ya fi kowane daraja. Wasu samarin kan haɗa ɗaki ɗaya su raba kuɗin: mai aikin dare na shigowa, mai aikin safe na fita.

Lissafin wata ma a tsare yake. A cire na haya tukuna, a biya mai tuwo da mai tebur da ke rubuta bashi a ɗan littafi, a zuba adashi, a aika wani abu gida. Wanda ya yi aure ya koma ciki da falo. Wanda ya daɗe ya sayi fili a Nasarawa ko Tirkaniya, ya tayar da ɗakuna huɗu ko shida, shi ma ya zama mai gida. Ta wannan hanya unguwanni da yawa suka faɗaɗa, ɗaki bayan ɗaki, babu tsarin magudanar ruwa, abin da mazauna ke ɗanɗanawa duk damina har yau.

Masu gidaje ba su taɓa barin ƙarin albashi ya wuce su ba. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, haya ta tashi tare da farashin kaya, har gwamnatocin soja suka fito da dokokin ƙayyade haya da kotunan sauraron ƙara. Dokokin ba su yi tasiri sosai ba, domin masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa.

Tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injina suka yi tsada, wuta ta yi ƙaranci, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, Arewa ta biyo baya, UNTL ta tsaya a 2007. A tsakanin haka rikicin addini na 2000 da na 2002 suka raba garin: Musulmi da yawa suka ƙaura arewacin kogi, Kiristoci suka yo kudu. Gidan hayar da Bahaushe da Bakataf da Tibi ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya ya yi wuya, mai neman ɗaki ya koma tambayar su wa ke unguwar kafin ya tambayi farashi. Wannan asara ta fi ta injina ciwo.

Yau Makera ce hedkwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, kuma har yanzu nan mai ƙaramin ƙarfi ke fara nema. Sai dai amanar da albashin masaƙa ke ɗauke da ita ta tafi. Galibin masu gida kuɗin shekara suke so a dunƙule, dillali na jiran la'adarsa, sau da yawa kashi 10 cikin 100, ga kuɗin wuta da na mai ga-ruwa. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 sai ya yi watanni yana zubi kafin ya iya haɗawa, balle ɗan acaba ko mai talla.

A cikin waɗanda aka fi kora daga ɗakunan nan akwai tsofaffin ma'aikatan KTL, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamarsu, wasu har suka rasu suka bar wa matansu bashin haya. Jihohin Arewa 19 ne ke da masaƙar, kuma nauyin biyan mutanen nan yana wuyan gwamnoninsu.