Ɗiban Gwamna: Leburan Kuza da Dokar da Ba Ta San Sunansu Ba

Kakata ta wajen uwa, wadda ta rayu har ta rasu a Kalgo, ba ta cika zancen mahaifinta ba sai sanyin hunturu ya kama. A lokacin ne takan ce, sanyin nan wasa ne a kan na Jos, wanda ya shiga ƙirjin Baffa bai fita ba. Ina yarinya na ɗauka cin rani ya je, kamar yadda mazan ƙasarmu suka saba. Sai da na shiga jami'a na karanta littafin Bill Freund na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya, sannan na gane abin da take nufi da "ɗiban gwamna". Baffa bai tafi don kansa ba. Ɗebe shi aka yi.

A farkon 1942 Japan ta mamaye Malaya, wadda ita ce babbar rijiyar kuzar daular Ingila. Idon Turawa ya koma kan tsaunukan Filato, inda kamfanoni irin su Amalgamated Tin Mines of Nigeria suke haƙa. Kuɗin da suke biya bai isa ya janye manomi daga gonarsa ba, ga tsadar hatsi a sansanonin leburori. Hanyar da kowane ɗan kasuwa ya sani a nan ita ce a ƙara lada. Gwamnati ba ta bi ta ba. Ta kafa dokar aikin tilas, ta yanka wa larduna adadin mazan da za su kawo. Umarni ya gangaro daga Razdan zuwa En'e, daga nan zuwa hakimi da dagaci, har ƙofar gidan talakan da ba shi da mai tsaya masa. Masarautar Gwandu tana cikin Lardin Sakkwato a wancan zamani, Sarki Yahaya yana kan gado a Birnin Kebbi. Kafin a dakatar da tsarin a 1944, dubun-dubatar mutanen Arewa sun bi wannan hanya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a takarda ma'aikacin Nijeriya bai taɓa samun kariya irin ta waɗannan shekaru ba. Ingila ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 wadda ta yi hani da tilasta mutum ya yi wa kamfani mai zaman kansa aiki. A 1938 an kafa dokar ƙungiyoyin ƙwadago, wadda ta ba mutum biyar kacal damar yin rajistar ƙungiya. Sai dai yarjejeniyar ta bar kafa, wato lokacin yaƙi, kuma ta wannan kafa aka fitar da Baffa. Dokokin yaƙin sun kuma haramta yajin aiki. Ita kuwa dokar ƙungiya, an ɗinka ta ne daidai jikin ma'aikacin jirgin ƙasa da akawu da malamin gidan waya, masu suna a littafin albashi. Wanda aka kawo daga bakin gulbi, aka ce wata huɗu zai yi yana ɗaukar ƙasa a kwano, da wa zai kafa ƙungiya? Ta hannun helima yake karɓar ladansa, kuma helima ne kaɗai ya san fuskarsa.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ce leburorin Arewa ba su yi yaji ba. Sun yi, da ƙafafunsu. Gudu daga sansani ya yawaita, wasu ma tun a hanya suke sulalewa. Kakata ta ce Baffa bai cika wa'adinsa ba. Da ya ga an binne abokin kwanansa da ciwon haƙarƙari, sai ya bi dare, ya yi makonni yana tafe, yana yin ƙodago a gonakin mutane don ya ci. Da ya iso ma bai kwana gida ba, a wani ƙauyen dangi ya laɓe har ƙurar ta lafa. Ba a rubuta irin wannan a tarihin ƙwadago, domin ba shi da shugaba, ba shi da takardar koke. Amma guje-gujen da mace-macen da ƙarancin kuzar da aka samu, tare da tambayoyin da aka riƙa yi a majalisar Ingila, su suka kashe tsarin.

Idan aka dubi Inugu za a ga ɗaya fuskar. Masu haƙar kwal a can ma'aikatan gwamnati ne, suna da ƙungiya, suna da alawus na shiga rami. Sun ga yadda babban yajin 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, ya kai ga ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. A 1949 suka nemi a biya su bashin da suka ce suna bi, suka shiga aikin tafiyar hawainiya, suka ƙi fita daga ramuka bayan an sallame su. Ranar 18 ga Nuwamba, 'yan sandan da aka tura kwashe nakiya a Iva Valley suka buɗe wuta, suka kashe mutum 21, suka jikkata 51. An kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, jaridu suka ɗauka, 'yan siyasa suka haɗa kai, yau kuma akwai gunkin tunawa da su a tsakiyar Inugu. Ba na kwatanta jini da jini. Na dai lura cewa mamatan Inugu an ƙidaya su, namu kuwa sai dai a ce "da yawa".

Da na koma kan dokokin yau, na zaci zan tarar an toshe wannan kafa. Dokar ƙungiyoyi ta yanzu tana neman mutum 50 kafin a yi rajista. Dokar sasanta rikicin ma'aikata ta 1976 ta ce wanda ya yi yaji ba shi da albashin kwanakin yajin, wato tana magana ne da mai albashi. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, haka nan ba ta hau kan wanda ake biya gwargwadon abin da ya samar ba. To, kusan duk mai haƙar zinariya a Yawuri da Fakai a cikin wannan togaciya yake. Mai rami ne ke ba shi abinci da kayan aiki, idan an dace a raba, idan ba a dace ba bashi ya hau kansa. Garaɓasarsa ita ce abin da ubangida ya ga dama ranar da aka fasa dutse mai kyau. A 2020 an kai wa Shugaba Buhari sandar zinariya a fadarsa a ƙarƙashin shirin gwamnati na masu ƙananan haƙa, wanda Kebbi na cikin jihohin da aka fara da su. An yi maganar nauyinta da darajarta. Na bi labaran ban ga inda aka faɗi ladan wanda ya shiga ramin ba.

Bara bayan girbi, samari uku daga unguwarmu suka hau mota a tashar Kalgo suka nufi kudu. Babu dagacin da ya rubuta sunansu, babu dogarin da ya raka su, kuma wannan bambanci ne babba da zamanin Baffa. Biyu sun dawo kafin damina. Na tambayi ɗaya dalilin dawowarsa da wuri, ya ce rabon ne bai yi masa ba. Na ce ko ya yi wa mai ramin magana? Ya yi dariya, ya ce da asuba ya tattara kayansa.