Darlene Love: Muryar Da Aka Ɓoye Sunan Mai Ita

Yau Amurka zan kai ku, wajen wata mawaƙiya baƙar fata da ta shafe kusan shekara 30 tana zuwa shirin talabijin ɗaya, sau ɗaya tak a shekara, ta rera waƙa ɗaya. Sunanta Darlene Love. In kun kalli fim ɗin Lethal Weapon to kun santa ba ku sani ba: ita ce matar ɗan sandan nan da Danny Glover ya fito a matsayinsa.

An haife ta a Los Anjalis a 1941, sunanta na yanka Darlene Wright. Mahaifinta fasto ne, a coci ta koyi waƙa. Tun tana budurwa ta shiga wata ƙungiyar mata mai suna The Blossoms, aikinsu amshi. Sun yi wa manya irin su Sam Cooke da Elvis Presley amshi.

A 1962 ta haɗu da furodusa Phil Spector. Ya sa ta rera wata waƙa, "He's a Rebel". Waƙa ta fito, ta hau mataki na ɗaya a Amurka, amma a jikin faifan sunan wata ƙungiya daban aka rubuta, The Crystals, waɗanda ko situdiyon ba su shiga ba ranar. Kuɗin aikin yini aka biya ta. Mu da muka taso da finafinan Kannywood mun san yadda jaruma ke hawa kan muryar mawaƙiya, amma ko a nan ana sanin wacce ta rera. Ita kuwa share sunan aka yi ƙaf. Ko "Love" ɗin da ake kiranta da shi, Spector ne ya laƙaba mata.

Waƙar da ta fito da sunanta sosai ita ce ta Kirsimeti, "Christmas, Baby Please Come Home", cikin kundin da Spector ya haɗa. Sai dai kash, kundin ya fito ranar 22 ga Nuwamba, 1963, ranar da aka harbe Shugaba Kennedy. Ƙasa na makoki, wa zai sayi waƙar biki?

Shekaru suka ja, aiki ya yi ƙaranci, ga 'ya'ya. Darlene ta koma aikatau, tana share gidajen masu kuɗi a unguwar Beverly Hills. Ita da bakinta ta ba da labarin cewa wata rana tana wanke banɗaki a wani gida, sai ta ji rediyo ya sako waƙarta ta Kirsimeti. Ku ɗan tsaya ku auna wannan. Muryarki na tashi a falon mutane, ke kina durƙushe da tsumma a hannu, kuma ko sisi ba ya shigo miki. Ta ce a nan ta yanke shawarar komawa waƙa.

Ta koma New York, ta yi aure a 1984 da mijin da suka daɗe tare, ta shiga wani wasan waƙe-waƙe da ake kira Leader of the Pack. A cikin masu wasan akwai Paul Shaffer, shugaban makaɗan shirin dare na David Letterman. Ta nan hanya ta buɗe. A Disambar 1986 ta rera waƙar a shirin, lokacin yana tashar NBC. Abu kamar wasa ya zama al'ada. Da Letterman ya koma CBS a 1993, da ita aka koma. Farko 'yan makaɗa kaɗan ne a bayanta. Daga baya sai ga masu goge, masu busa, 'yan amshi cike da dandali, ana zubo ƙanƙarar ƙarya daga sama. A 2007 ne aka samu giɓi, saboda yajin aikin marubuta, sai aka maimaita tsohon faifai.

Ni a ganina abin da shirin ya ba ta ya wuce kuɗi. Duk shekara, miliyoyin mutane na jin an kira sunanta kafin ta buɗe baki. Abin da Spector ya hana ta kenan.

Shi ma ba ta ƙyale shi ba. Ta maka shi kotu kan haƙƙinta, a 1997 aka yanke ya biya ta sama da dala dubu 250, kuɗin da bai taka kara ya karya ba in aka duba shekarun da aka ci da guminta. Spector dai yana cikin zaman ɗauri ya mutu a 2021, bayan an same shi da laifin kashe wata 'yar fim, Lana Clarkson.

A 2011 aka shigar da Darlene cikin Rock and Roll Hall of Fame, zauren girmama gwanayen waƙa. Fim ɗin 20 Feet from Stardom, kan rayuwar 'yan amshi, wanda labarinta ke tsakiyarsa, ya ci kyautar Oscar a 2014. A Disambar wannan shekarar, Letterman na shirin ritaya, ta zo na ƙarshe. Tana da shekara 73, ta hau kan fiyanon Paul Shaffer ta ƙarasa waƙar a tsaye a can sama. Shekarar da ta biyo baya ta ɗauke al'adar ta kai shirin safe na The View.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.