Sammore da Furotin Mai Cinye Jinin Shanu: Nazarin Ayyukan Farfesa Andrew Jonathan Nok

Tsakure: Wannan maƙala ta bi sawun binciken Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a kan furotin ɗin da ake kira siyalides, ta kuma auna tasirinsa da ma'aunin makiyayan Gummi, Anka da Bukkuyum.

Makiyayin da ke shayar da shanun Bokoloji a bakin Gulbin Zamfara bai buƙatar likita ya gaya masa saniya ta kamu da sammore. Gashinta yakan tashi, idanunta su riƙa zubar da hawaye, ta rame ko da ciyawa na gabanta, in an ɗaga fatar idon a ga ta yi fari fat. Ƙudan tsando ba shi da yawa a wannan yanki, amma garken da ya gangara kudu da rani yakan dawo da ƙwayar cutar a jiki, wasu ƙudaje masu cizo kuma su ƙarasa yaɗa ta. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: ina jinin yake tafiya?

A Zariya aka fara kusantar amsar. A 1982 likitan dabbobi K. A. N. Esievo da abokan aikinsa suka nuna cewa idan ƙwayar sammore ta Trypanosoma vivax ta kama saniya, wani sikari mai suna siyalik asid, wanda ke lulluɓe da jajayen ƙwayoyin jini, yana raguwa a jikinsu yana ƙaruwa a ruwan jini. Wani abu ke nan yana kankare shi.

Nok, wanda aka haifa a garin Nok na kudancin Kaduna a 1962, ya yi dukkan digirorinsa uku a Zariya, na farko a 1983, na dakta a 1993. Ya fara da tsirran da kowa ya sani: ganyen dogon yaro a 1993, tafarnuwa a 1996, yana gwada ko za su kashe ƙwayar cutar. Amma aikin da ya ɗaga sunansa ya fito ne a 2003. Shi da Emmanuel Balogun suka nuna cewa Trypanosoma congolense da ke yawo cikin jini tana da siyalides, kuma ƙaruwarsa na tafiya tare da ƙarancin jini. A shekarar dai ya bayyana siffofin wannan furotin a Trypanosoma evansi, wadda ta fi addabar raƙuma. Bayanin yana da sauƙin kamawa: furotin ya kankare sikarin, jiki ya ɗauki lafiyayyar ƙwayar jini a matsayin wadda ta tsufa, sai hanta da saifa su haɗiye ta tun kwananta bai ƙare ba. Da hannun saniyar ake kashe ta.

A 2009 kamfanin NLNG ya ba Nok kyautar kimiyya ta Najeriya, dala 50,000, saboda gano ƙwayar gadon da ke sarrafa siyalides. Jaridu sun fi yayata batun ciwon barci na mutane, alhali mafi yawan gwaje-gwajen nasa a kan nau'o'in da ke kama dabbobi ne. A 2013 Gidauniyar Humboldt ta Jamus ta ba shi kyautar Georg Forster.

Tasirinsa ya fi fitowa a cikin mutanen da ya horar. Balogun ya wuce Japan, inda ya yi aiki da Kiyoshi Kita a kan wani furotin na daban da ƙwayar ke samun kuzari da shi, ya dawo Zariya. Haɗin gwiwar Nok da Sørge Kelm na Jami'ar Bremen ya kai ga rarrabe ire-iren siyalides na congolense. Cibiyar nazarin cututtukan da aka yi watsi da su, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa a jami'ar, Nok ne ya fara jan ragamarta. Daga 2015 gwamnatin Kaduna ta ɗauke shi kwamishinan lafiya, daga baya na ilimi, kuma yana kan kujerar ya rasu a Nuwamban 2017.

Burinsa shi ne rigakafi, kuma hikimar a bayyane take. Ƙwayar sammore tana sauya furotin ɗin da ke rufe bayanta a kai a kai, don haka garkuwar jiki kullum a makare take. Gara a nufi furotin da ba ta iya sauyawa. Wannan buri bai kai ruga ba. Har yau makiyayin Bukkuyum Berenil da Samorin yake saye, magungunan da suka haura shekara 60, ƙwayar kuma tana ƙara bijire musu, musamman inda ake tsinka su da ruwa fiye da kima. A 2021 wasu masana a Cibiyar Sanger ta Ingila suka bi irin wannan dabara da wani furotin na vivax, suka kare ɓeraye daga cutar.